Na buga waldata da guduma bata ɓalle ba, shikenan ta yi ƙarfi?

Wani ƙaninmu ne ya turo tambaya, ya ce ya sayi ƙaramin injin walda irin inbata ɗinnan yana koyo a tsakar gida, ya haɗa ƙafar tebur da wata 'yar ƙofa, yanzu kuma a gida ana so ya yi musu mazaunin tankin ruwa. Shine yake tambaya ta yaya zai gane waldarsa tana da ƙarfi tunda bashi da na'urar gwaji, ya ce dai ya maka mata guduma bata ɓalle ba, ko hakan ya isa?

Toh ƙanena bai isa ba, kuma bari in gaya maka dalili. Bugun guduma akan aikin da aka gama abu ɗaya kawai yake nuna maka, wato waldar ba ta kai lalacewar da zata faɗi da bugu ɗaya ba. Walda tana iya zama ta kama kashi ɗaya bisa uku na kaurin ƙarfen kawai, sauran duk ɓawo ne, wato dattin da sandar walda take bari in ta narke, da rami a ciki, ka buge ta ta tsaya ƙyam, sai an ɗora kaya anyi wata shida iska tana kaɗawa sannan ta buɗe. Masu cewa suna gane walda mai kyau ta ƙarar da take yi idan an ƙwanƙwasa ma ni ban yarda da wannan ba, sai dai in tsagewar ta riga ta yi girman da ido ma zai gani.

Abin da ake yi, ko a manyan kamfanoni, shine ba aikin kaɗai ake gwadawa ba, hannun mai waldar ake fara gwadawa. Ka samo guntayen ƙarfe iri ɗaya da wanda zaka yi aikin da shi, kauri ɗaya, sanda iri ɗaya, wuta ɗaya, ka yi musu walda sannan ka karya su da gangan ka leƙa cikin. Duk wanda bai taɓa karya waldarsa ya kalli cikinta ba wallahi bai san me hannunsa yake yi ba, ko da shekara nawa yayi yana haɗa get. In kana Kano ka leƙa Ƙofar Ruwa, in Kaduna ne Panteka, ko dai duk inda ake saida ƙarfe a garinku, ka sayi ragowar falat ba (flat bar, wato miƙaƙƙen ƙarfe mai faɗi) da angul na kilo, kuɗin makaranta ne wannan kuma yafi komai araha.

Kafin karyawa dai ido ne farko. Ka kakkaɓe ɓawon tas ka goge da burushin waya, kar ka taɓa ta da garanda kar ka shafa fenti, don garanda da fila da fenti su ne suke rufa wa mugun aiki asiri. Ka duba gefe da gefen waldar inda ta haɗu da ƙarfen, ya kamata ta narke ta shige ciki sumul. In ka ga ta taru tayi tudu kamar an ɗora ta ne a sama, har farcenka yana iya shiga ƙarƙashin gefenta, wuta tayi kaɗan ko kuma ka yi gudu. In kuma ka ga wani kwari ya bi gefen kamar wuta ta zaizaye ƙarfen bata cike ba, wuta tayi yawa ko ka ɗaga sandar da nisa, kuma wannan kwarin daga nan tsagewa take farawa. A ƙa'idar Amurka ta waldar gine-gine, wadda ake kira AWS D1.1, zurfin wannan kwarin bai kamata ya wuce wajen milimita 1 ba a ƙarfen da bai kai inci ɗaya ba. Ƙananan huji-huji a saman waldar kuma yawanci tsatsa ce ko fenti ko mai ko sanda mai danshi. Sannan ka kalli ƙarshen waldar inda ka ɗauke hannu, in ka bar rami a wurin sau da yawa zaka ga 'yar tsaga mai kamar tauraro a tsakiya. Tsaga kuwa komai ƙanƙantarta ba a yafe ta, a gurje a sake.

Yanzu ga gwajin da nafi so ka fara da shi don shi yafi saurin koyar da mutum. Ka yanko falat ba guda biyu mai kaurin milimita 6, tsawon kamar santimita 10 zuwa 15, ka kwantar da ɗaya ka tsayar da ɗaya a kansa kamar harafin T a kife. Ka yi walda a gefe ɗaya kawai, zubi ɗaya, ɗaya gefen ka barshi haka. A tsakiyar tafiyar ka tsaya da gangan, ka kakkaɓe ɓawo ka sake kunnawa ka ci gaba, saboda a aikin gaske sanda tana ƙare maka a tsakiya kuma wurin haɗin nan ne yake yawan ɓoye matsala. Ka barshi ya huce da kansa. Kar ka tsoma a ruwa, na san ana yi a bakin titi don sauri amma ruwa yana sa wurin yayi tauri ya rasa juriya, musamman in ƙarfen yana da kabon da yawa, sai ka zo kana zargin hannunka alhali ruwan ne.

In ya huce ka ɗaure na kwancen a bayis, wato matsen ƙarfen nan na kan benci, ko ka ɗiga masa walda akan wani ƙaton ƙarfe mai nauyi, sai ka dinga dukan na tsayen ta bayansa, wato ta gefen da babu walda, yana kwantawa akan waldar. Dalilin wannan shine gindin waldar ne zai buɗe, can lungun da ido baya gani. In ka buga ta ɗaya gefen ka wahalar da kanka ne kawai. Ka sa gilashi mai haske a idonka lokacin dukan don ɓarɓashi yana tashi.

Abu uku ne zai faru. Ko ƙarfen ya lanƙwashe ya kwanta waldar bata rabu ba, wannan madalla. Ko waldar ta karye ta tsakiyarta, rabi ya tafi da wannan ƙarfen rabi ya zauna a wancan, wannan ma ba laifi bane in dai ta baka wahala kafin ta karye, sai ka ɗauka ka kalli fuskar karayar a rana. Ana so ka ga ƙarfe zalla mai ruwan toka tun daga sama har lungu, kuma bakin falat ba ɗin nan na tsaye ya zama wuta ta cinye shi. In har kana ganin bakin ƙarfen a miƙe sak yadda ka yanke shi, har da sawun zarto ko garanda, toh wuta bata kai lungu ba, ka yi gada ne kawai ta sama. In ka ga baƙin abu mai ƙyalli kamar fasasshiyar kwalba a jere a lungun, ɓawo ne ya shige gaban narkakken ƙarfen ka binne shi. Na ukun kuma shine mafi muni, waldar ta ɓantare gaba ɗaya daga jikin ƙarfe ɗaya ta bar wurin fes ko alamar narkewa babu. Wannan manna ta kayi ba walda ba, kuma abin haushin irin wannan ce take fin kyau a ido.

Anan ne zan ɗan tsaya akan sandar da kusan kowa yake amfani da ita a wurinmu, E6013, wadda a kasuwa ake ce mata geji 12 ko geji 10, wato mai kaurin milimita 2.5 da mai 3.2. Lambar 60 ɗin farko tana nufin ƙarfen waldar yana jure jan fam 60,000 akan kowane murabba'in inci, kusan kilo 42 kenan akan kowane murabba'in milimita, lamba 1 ɗin kuma tana nufin ana iya yi da ita a kwance da tsaye da sama. Sanda ce mai sauƙin kamawa, tana bada walda mai santsi ɓawonta yana ɗagowa da kansa, shi yasa ɗan koyo yake sonta. Amma bata shiga ƙarfe da zurfi kuma ɓawonta ruwa-ruwa ne yana son tsere wa wuta ya shige lungu, don haka in wutarka tayi ƙasa zaka samu kyakkyawar fuska da ruɓaɓɓen ciki. Geji 12 tana son amfiya, wato ƙarfin wutar da kake saitawa a inji, kamar 60 zuwa 90, geji 10 kamar 90 zuwa 130, ka duba jikin kwalin ma an rubuta. Sai dai kar ka yarda da lambar da ƙananan inbata suke nunawa ɗari bisa ɗari, da yawansu abin da suke rubutawa yafi abin da suke bayarwa. Hanyar ganewa ita ce ka yi T guda uku da geji 10, ɗaya a 90 ɗaya a 110 ɗaya a 125, ka rubuta da alli a jikin kowanne ka karya su duka ka jera. Daga ranar zaka san lambar injinka ta gaskiya.

Ga kuma matsalar wutarmu. Waldar da kayi da safe wuta tana cike daban take da wadda zaka yi da magariba kowa ya kunna kaya wuta ta ja baya, ko akan ƙaramin janareta da yake shaƙewa duk sanda ka kunna sanda, ko ta doguwar siririyar waya da aka jawo daga ɗaki. Masu tsohon injin nan na taransifoma da ake naɗawa a gida sun fi kowa shan wannan. Saboda haka gwajin ka yishi a irin yanayin da zaka yi aikin. Haka ma yanayin tsayuwa, kar ka gwada a kwance akan benci ka ce ka ci jarabawa alhali mazaunin tanki rabin waldarsa a tsaye zaka yi ta kana kan tsani. Ka ɗaure guntun a tsaye ka yi, ka karya, nan zaka ga bambanci, yawancin masu koyo anan jikinsu yake sanyi.

Gwaji na biyu na lanƙwasa ne, shi kuma na waldar da aka haɗa baki da baki. Ka gurje bakin faranti biyu masu milimita 6 a karkace kamar digiri 30 kowanne yadda in ka haɗa zasu bada V, ka bar 'yar tazara kamar milimita 2 zuwa 3 a ƙasa, ka cike. Sai ka yanko tsiri biyu a gicciye masu faɗin kamar santimita 4 yadda waldar zata zamo a tsakiyar kowanne, ka zubar da farko da ƙarshen farantin. Anan kam zaka sa garanda ka gurje tudun waldar sama da ƙasa har ya yi daidai da farantin, sawun garandar ya bi tsawon tsirin kar ya gicciye shi, ka ɗan kashe kaifin gefunan da magagari, in ba haka ba tsaga zata fara daga sawun ka ɗauka waldar ce. Ka ɗaure a bayis tare da wani rodi mai kaurin kamar milimita 25, wato ninki huɗu na kaurin farantin, ka zura bututu a tsirin ka danne shi ya zagaye rodin har ya zama U. In kana da jak ɗin mota mai mai zaka iya haɗa ɗan firam ka danna da shi, yafi sauƙi. Ɗaya ka lanƙwasa fuskar waldar tana waje, ɗayan kuma gindin yana waje. Ba a gasa shi da wuta don ya yi laushi, a sanyinsa ake yi. Ƙa'idar da masu jarabawar walda suke bi ita ce kada a samu buɗewar da ta wuce milimita 3 a bayan lanƙwasar. Kusan kullum na fuskar yana wucewa, na gindin ne yake tona asiri.

Akwai kuma yankawa a kalli ciki ba tare da an karya ba. Ka yanke T ɗinka a gicciye, ka goge fuskar yankan da magagari sannan samfefa daga mai kaushi har zuwa lamba 400 ko 600 har ya yi sheƙi, sai ka shafa abu mai tsami. A ɗakin gwaji asid ɗin naitirik suke sirkawa kaɗan a cikin sifirit, kai kar ka haɗa wannan a gida. Ruwan ferik kulorayid da masu haɗa allon lantarki suke amfani da shi yana yi sosai, ruwan khal mai ɗumi ma yana nunawa amma dishi-dishi kuma sai ka yi haƙuri. Zaka ga waldar ta fito da launinta daban, ka ga iya inda ta ci cikin kowane ƙarfe da idonka. Safar hannu da gilashi dole, a waje kuma, ka wanke da ruwa bayan ka gama.

In abin da kake tsoro yoyo ne ko tsagar da ido baya gani, akwai tsohuwar dabarar kananzir da alli wadda ma'aikatan jirgin ƙasa suka yi amfani da irinta tun fiye da shekara ɗari da suka wuce wajen neman tsaga a ƙafafun jirgi. Ka dama alli da ruwa ka shafa a bayan waldar ya bushe fari fat, ka shafa kananzir ta ɗaya gefen ka jira, duk inda akwai huji zaka ga allin ya yi tabo. Na zamani gwangwani uku ne na feshi, mai wankewa da jan ruwa da farin hoda, a fesa jan a bari kamar minti 10 a goge a fesa farin, tsaga ta fito ja. Amma ka sani wannan abin da ya buɗe a sama kawai yake nunawa, ɓawon da ke binne a ciki sai hoton eksire ko na'urar sauti, irin wanda ake koyarwa a cibiyar horon man fetur ta PTI dake Effurun. Kuma ka wanke kananzir ɗin ya bushe kafin ka sake kawo wuta wurin. Tankin fetur da duro da tukunyar gas kuwa ko an ce maka an wanke kar ka kusance su, tururin da ya rage a ciki ne yake fashewa.

Wani abin da zai baka mamaki shine walda mai kyau bata buƙatar girma. Waldar lungu mai ƙafa milimita 6, wato faɗin da ta kama a jikin kowane ƙarfe daga lungu, kaurinta na gaskiya daga lungu zuwa fuska wajen 4.2 ne, ana ninka ƙafar da 0.7. In tsawonta santimita 10 ne da sandar 6013, lissafin injiniyoyi da ya riga ya bar rarar kariya yana bata sama da tan 5 kaɗan. Kaga kenan matsalar ɗan koyo ba ƙanƙantar walda bace, rashin kamawa ne, kuma labta zubi uku akan wadda bata kama lungu ba baya gyara komai sai ƙara zafi da murɗe ƙarfe.

Sannan wani lokacin laifin ba naka bane na ƙarfen ne. Rodin gini da ake narkawa daga bola kabon ɗinsa ba tabbas, wani zaka yi masa walda lafiya wani kuma ka buga ya karye a gefen waldar kamar rake, fuskar karayar tana ƙyalƙyali da ƙwayoyi manya. Sifirin ɗin mota da shaft da ƙarfen zubi duk haka suke, suna son a ɗumama su kafin walda da sanda ta musamman. Irin wannan tsagar ma bata fitowa nan take, tana iya kaiwa kwana biyu kafin ta bayyana, musamman in sandar ta sha danshin damina. Don irin wannan aikin ake amfani da E7018, ita kuma sai an ajiye ta a tanda mai zafin wajen digiri 120 in an buɗe kwalinta, in ta kwana a buɗe a shago amfaninta ya ragu. Ko 6013 ɗinka ma ka sa ta a bututun roba mai murfi.

Mu dawo kan tankin. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, tanki mai lita 1,000 tan ɗaya kenan banda nauyin tankin, a saman kan mutane. In ɗan gajeren mazauni ne da bai wuce ƙugu ba, ka karya T ɗinka na kwance da na tsaye sun fito da kyau sau da yawa a jere, ba sau ɗaya na sa'a ba, toh ka yi, da angul mai kauri ba siririn bututun nan mai milimita 1 da ake yin tebur da shi ba, ka sa masa giciye ta kowane gefe don yawancin mazaunin da ke faɗuwa ba walda ce take fara tsinkewa ba, ƙafa ce take lanƙwashewa saboda babu giciye ko gindin ya ruɓe da tsatsa. In ka gama ka cika tankin a hankali kashi-kashi kana dubawa daga gefe, ba kowa a ƙasa, ka barshi ya kwana biyu a cike ka sake bin kowace walda da fitila kafin fenti. Ga benci ko shelf kuma buhun siminti kilo 50 ne, ka ɗora ninki biyu na abin da zai ɗauka.

Amma ɗora kaya sau ɗaya baya nuna maka gajiyar ƙarfe, wato tsagar da ke tafiya kaɗan-kaɗan duk sanda abu ya girgiza. A watan Maris na 1980 dandalin ma'aikatan haƙar mai na Alexander Kielland ya kife a tekun North Sea ta ɓangaren Norway mutum 123 suka rasu, da aka bincika sai aka samu tsagar ta faro ne daga wata 'yar waldar lungu mai milimita 6 da aka riƙe wata ƙaramar na'ura da ita a jikin ɗaya daga cikin ƙarafan da suka riƙe ƙafar dandalin. Ƙwararru ne suka yi ta a kamfani, ta kuma yi shekaru tana aiki kafin ta buɗe. Shi yasa duk abin da yake girgiza ko yake ɗauke da rai, irin jan tirela da firam ɗin babur ko Keke da ƙugiyar ɗaga inji da doguwar hasumiyar tanki mai mita 4 ko 6, babu gwajin tsakar gida da zai baka izinin yinsa a wannan matakin. In gidanku doguwa suke so, ka samu tsohon hannu a unguwa ya yi manyan haɗin, kai ka yanka ka ɗiga ka riƙe masa, ka kuma tafi masa da guntayen da ka karya ya duba maka, minti biyar zai gaya maka ko wuta ce ko kusurwar sanda ce ko saurin hannu.